Askin Ɗan Ziblim

Akwai wani dillalin babura a unguwar Nima, sunansa Ziblim, mutum mai son a san da shi. Ko takalmi ya saya, sai ya bi ta majalisar masu shan shayin ataya sau biyu, don kada wani ya ce bai gani ba.

Shekara tara da aurensa da Suweiba ba haihuwa. Da ciki ya samu, duk wanda ya zo taya babur sai ya ji labarin cikin kafin ya ji farashi.

Sai haihuwa ta zo a wata bakwai. Namiji ne, bakwaini, ɗan mitsitsi. Aka sa shi a kwalbar renon jarirai ta asibiti, da robar iska a hanci. Kwana uku da haihuwa, likita ta kira iyayen ta ce hoton kan yaron ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, domin jijiyoyin bakwaini ba su gama ƙwari ba.

Ta ce suna gwada wani hasken leza mai rauni, ba ya yanka, ba ya ƙuna, ana haska kan jariri na 'yan mintoci kullum. "Gwaji ne, ban yi muku alkawari ba. Abin da na tabbatar shi ne, yaron nan ba zai rayu a wajen kwalba ba tukuna, kuma kada a jijjiga kansa."

Suweiba ta amince tana hawaye. Ziblim ya sa hannu, kunnensa na kan waya, yana magana da mai raguna.

A majalisa kuwa tsegumi ya tashi.

"Cale, abokina, ina yaron? Ko hoto ba mu gani ba kwata-kwata," in ji wani.

Wani ya ce ya ji kan yaron ya kumbura kamar kankana. Aka kwashe da dariya. Ziblim ya dire kofin ataya ya rantse cewa ranar suna za su ga ɗansa da idonsu, a ƙofar gida, wanzami na yi masa aski.

Rana ta biyar ya je asibiti ya tarar da jan haske a kan yaron. Ya matsa kusa, sai ya ga an aske gefen kan, wuri bai fi babban yatsa ba.

"Wa ya aske mini ɗa?"

Nas ɗin da ke kula da yaron, Zelia, Kirista ce, amma a unguwar Mamobi ta girma, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ce, "Ni ne, Alhaji. Don hasken ya samu hanya. Na san al'ada, shi ya sa na ajiye maka gashin. Ga shi, ka auna ka ba da sadaka."

Ta miƙa masa ƙaramar ambulan. Ya doke hannunta, ambulan ta faɗi.

"Ke, mace, ko salla ba kya yi, ki riga wanzami taɓa kan ɗana? Wa ya san abin da kuke ɗura masa da wutar nan?"

Ni dai na ce ba gashin ne ya dame shi ba. Dalili yake nema na cika rantsuwar majalisa, kuma ya samu.

Limamin unguwarsu, Malam Abdulganiyu, ya kira shi gefe. "Ziblim, ana raɗa suna ko yaro ba ya gida. Aski kuma ya jira, addini bai matsa maka ba."

"Malam, kai dai ka zo ka yi addu'a. Sauran nawa ne."

Rana ta shida ya nemi takardar sallama. Likita ta yi bayani har muryarta ta dushe. Suweiba, da ɗinkin tiyata a cikinta, ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Don Allah Alhaji, ka bar shi ya yi ko wata ɗaya. Shekara tara muka jira."

"Ko ki taso da yaro, ko takardar sakinki ta same ki a gadon nan."

Zelia ɗin da ya wulaƙanta ita ta naɗe jaririn da hannunta. Ta ce wa Suweiba, "Ki manna shi a ƙirji, kar iska ya taɓa shi. In leɓensa ya canza, ku gudo."

Safiyar suna, rumfa ta toshe lungu. Ga koko da ƙosai, ga goro, ga lasifika tana girgiza kwanon rufi. Malam ya raɗa suna Mutawakilu, fuskarsa ba walwala.

Tsohon wanzami ya karɓi yaron, ya taɓa maɗigarsa, ya janye hannu. "Alhaji, kan nan bai isa aska ba."

"Yi aikinka, mutane na kallo."

Ziblim da kansa ya danne kan da tafinsa har aka gama. Sannan ya kware zanen, ya ɗaga yaron sama, ya zaga rumfa kujera kujera, ya daɗe a gaban 'yan majalisa. Wayoyi suka yi ta ɗauka. Yaron bai yi kuka ba, har wata tana cewa ai mai haƙuri ne.

Suweiba ce ta hango leɓen ya yi shuɗi. Ta ratsa maza ta fizge ɗanta.

Suka faɗa tasi, cunkoso ya riƙe su a mahaɗar Kawukudi. Suweiba na hura masa iska a baki, Ziblim na zagin direba. Da suka isa, Zelia ta karɓe shi a ƙofa ta ruga ciki. Ba ta daɗe ba ta fito a hankali, idonta jawur.

Bayan azahar aka kai Mutawakilu makwancinsa. Naman ragonsa bai ma gama soyuwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, 'yan majalisar nan su suka fara zame jiki. "Mu fa wasa muke yi. Wane mai hankali ne zai cire bakwaini daga kwalba?" Bidiyon kuma ya zaga Nima da Mamobi, har masu sayen babur suka koma wani shago.

Suweiba ta tattara ta koma gidan mahaifiyarta a Alajo. Bayan wata biyu Ziblim ya je biko, ya rame, ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga labule ba.

"Sun gan shi?" ta tambaya daga ciki.

"Suweiba, ki yi haƙuri."

"Tambayarka nake. Abokanka duk sun gan shi?"

"Sun gani."

"To ka je. Ni da na haife shi, ba ni da hotonsa ko ɗaya, sai wanda yake mutuwa a hannunka."

Darasi: Masu zuga ka ba su za su ɗauki gawa ba. Kada ka sa ran ɗanka a gaba don rufe bakin majalisa, kuma kada ka fake da al'ada a inda addini da likita suka ce ka jira. Ku tura wa duk uban da jaririnsa ke kwance a kwalba, ko Allah zai sa ya yi haƙuri.