Matakala Bakwai na Halidu Magini

Akwai wani magini a Dakoro, Halidu sunansa, wanda ko maƙiyinsa ba ya kushe masa gini. Ya iya aiki, ba musu. Matsalarsa ɗaya: ya san ya iya.

Da unguwarsu ta tashi sake gina masallacin Juma'arta, shi aka ba aikin. Ya ɗaga ginin sosai, ya yi masa matakala bakwai masu santsi da sheƙi, don duk wanda ya fito daga kasuwar dabbobi ya hango ya tambayi wa ya gina.

Ana cikin aikin, Jimrau mai gyaran rediyo, wanda shan-inna ta nakasa tun yana yaro, ya turo kekensa ya tsaya.

"Halidu, ka bar muna ɗan gangare ta gefe mana. Ni da irina ta ina za mu hau?"

Halidu ko juyowa bai yi ba. "Gangare ɓata fuskar gini yake. Ku nawa ne ma a unguwar? In kun zo a ɗauke ku."

Jimrau ya juya kekensa ya tafi.

Aka buɗe masallaci, yabo ta ko'ina, kan Halidu ya ƙara girma. Abu ɗaya ya hana shi sakat. Mahaifinsa, Malam Tanimu, da ya shekara arba'in yana salla a sahun farko, ko sau ɗaya bai gan shi a cikin sabon ginin ba. Halidu kuwa ɗan fari ne, tsakaninsa da tsohon sai gaisuwa, ko sunansa ba ya kira. Ya kasa tambaya, ya zauna yana cin rai, wai tsoho ya raina aikinsa.

Juma'a ta huɗu, aiki ya riƙe shi a Korahane, ya iso masallaci ya cika. Ya zagaya ta baya neman wuri. Can ya tarar da mahaifinsa zaune kan yashi, cikin rana tsaka, kusa da keken Jimrau. Ga tsofaffi, ga makafi biyu, ga wani makiyayi da bijimin sa ya karya wa ƙugu. Sahu guda cur.

Da aka sallame ya durƙusa. "Baba, lafiya kake salla nan?"

Tsohon ya kau da kai. "Nan ma ai salla ce."

Jimrau ne ya kasa haƙuri. "Ran buɗewa ya zo. Matakala biyu ya hau, gwiwa ta ƙi, sandar ta zame. Ni na gani. Ya hana kowa hwaɗa maka, wai kak a ɓata ma yaro aikinai."

Wallahi Halidu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Shi da bakinsa ya ce a ɗauke su, ashe har da wanda ya haife shi. Wane dattijo ne zai yarda a ciccibe shi gaban jama'a?

Washegari ya ɗauko guduma ya fasa gefen matakalar da hannunsa, sannan ya je har shagon Jimrau.

"Ka gafarce ni. Zo ka gwada min yadda za a yi."

Gangaren farko ya yi tsaye da yawa, keken Jimrau ya dawo da baya. Halidu bai yi gardama ba, ya rushe ya sake. Ya tsawaita shi, ya bar simintin da kaushi, ya sa ƙarfen dafawa, ya kira makafin suka taka suka ce ya yi. Kafin wata, har samari masu ƙafa lafiya lau ta nan suke bi.

Juma'ar da aka gama, Malam Tanimu ya hau da sandarsa, ba wanda ya riƙe shi. Halidu bai fahimci ko kalma ɗaya ta huɗuba ba, ƙeyar mahaifinsa kawai yake kallo a sahun farko, hawaye na zuba.

Darasi: Duk abin da za ka gina ko ka ƙera, tambayi mai rauni kafin siminti ya bushe, domin wanda ka bari a waje ba lallai ya faɗa maka ba. Ku tura wa duk magini, maƙeri da mai shago da kuka sani.