Haƙorin Sarkin Fawa Jatau

An ce a garin Rafin Ɗinya an yi wani Sarkin Fawa mai suna Jatau, wanda ya haura shekara sittin. Wata safiya ya aika aka kira masa amininsa Tsalha wanzami, ya ce, "Haƙori na huɗu ke nan yake girgiɗa a bana. Ɗauko awartaki ka raba ni da shi."

Tsalha ya duba bakinsa, ya ga dasashi ya kumbura yana tsattsafar jini. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Ka ji labarin Lantana mai daddawa?"

Sarkin Fawa ya ce, "Ban ji ba. Faɗa mini."

Tsalha ya ce: A Unguwar Majema akwai wata mace, Lantana, matar Malam Barau. Haƙoran mijinta suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa tsufa ne. Ita kuwa mai ɗaki ce, ta san inda yake yoyo. Ta lura ba ya ƙoshi da ruwa, kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari, ƙaramin yanka a ƙafarsa ya yi wata biyu bai warke ba. Da tauna ta gagare shi, sai ya koma koko da shayi mai sukari, yana ta ramewa.

Ta ce, "Malam, mu je asibiti."

Ya ce, "A kan haƙori? Ganye ne, in lokacinsa ya yi sai ya faɗi."

Ba ta yi musu ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta ce, "Bari in ba ka labarin mahaifina, Magini Ɗanbaba. Wani attajiri ya kira shi ya yaɓe masa tsagar bango. Ya yaɓe, ta sake buɗewa. Har sau uku. A karo na huɗu ya ajiye ƙasar yaɓe, ya ɗauki diga. Attajiri ya ce, 'A sama tsagar take, me kake nema a ƙasa?' Baba ya yi ta haƙa, har ya tarar da ruwan kwata yana cin tushen ginin, daidai ɗakin da iyalin mutumin ke kwana. Ya juya ruwan, ya gyara tushe, bango ya tsaya. To Malam, bango ba ya magana, da tsaga yake kai ƙara."

Malam Barau ya ce, "Miƙo mini hulata."

Da suka je asibiti aka auna jininsa, aka sami ciwon suga. Likita ta ce, "Suga na ɓata dasashi, ciwon dasashi kuma na hana suga sauka. Tare za mu yi maganinsu." Lantana ta riƙe ƙa'idar magani kamar lokacin salla. Tana dafa masa wake da zogale har su yi laushi, tana cire wa kifi ƙaya da hannunta, ba ta barinsa ya tashi daga kan akushi sai ya goge baki. Ƙafa ta warke, jiki ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, da sauran haƙoransa aka kai shi makwanci.

Tsalha ya ce, "Ranka ya daɗe, gemun ɗan'uwanka ya kama wuta. Tun da na zauna, moɗa uku ka shanye."

Sarkin Fawa ya dubi moɗar da ke hannunsa, ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "Ka yi gaskiya, Tsalha. Gobe ka raka ni a auna ni. Ita Lantanar tana da rai?"

"Tana nan, har yanzu ita ke kai daddawarta kasuwa."

"To, ta gidanta za mu bi. Sai na gaishe ta kafin in gaida likita."