Ɗakin da Gwani Ya Sauya wa Suna

Akwai wani mai zanen gine-gine da abokan sana'arsa ke kira Gwani. Labarinsa ya iso gare ni ta bakuna daban-daban, kuma ba su yi daidai da juna ba. Shi yana cewa kuskuren kwamfuta ne. Makusantansa suna cewa hassada ce. Ni na ɗauki bayanin babbar nas ta asibitin da abin ya faru, domin ba ta da abin da za ta samu idan ta ƙara ko ta rage, kuma maganarta ta zo daidai da ta Malama Awo, abokiyar aikin Gwani, wadda na tambaya daban.

Wani likita ne ya ba ofishinsu aikin zana ƙaramin asibiti. Gwani ya zage ya fito da zane mai ɗaukar ido: ƙofar gilashi, faffaɗan zauren shiga, da wani kwarmin ruwa mai feshi a tsakiyarsa.

A manhajar da suke aiki da ita, kowane ɗaki sai an ba shi nau'i. Wannan na jinya ne, wannan ofis, wannan ma'aji, wannan na wanke ƙazanta. Manhajar ce ke tattara faɗin kowane nau'i ta fitar da jadawali. Wannan jadawali shi ofishin amincewa da gine-gine ke fara dubawa. Shi kuma injiniyan ruwa da injiniyan iska ke bi don su san inda za su kai bututu, magudana da fankar zuƙe wari.

Da jadawalin ya fito, sai faɗin ɗakunan jinya ya gaza abin da ƙa'ida ta tanada. Zauren shiga ya cinye filin.

Malama Awo ta ce, "Gwani, gyaran a fili yake. A rage zauren nan, a matsar da bango, a ƙara wa ɗakin mata."

Ya yi dariya. "A taɓa zaurena? Malama, ke auna gini kike yi, ni ƙawata shi nake yi. Ruwan nan shi za a ɗauki hotonsa. Kin taɓa ganin wanda ya tsaya ɗaukar hoto a wurin wanke fo?"

A ƙarshen ɗakin mata akwai wani ɗaki marar taga. An tsara shi ne don zubar da fo ɗin marasa lafiya, jiƙa zannuwan da suka ɓaci, da tara tsofaffin bandeji. Gwani ya kai alamar kwamfuta kansa, ya goge nau'insa, ya zaɓi "ɗakin jinya". Nan take lissafin ya cika.

"Kin gani? Ba bulo, ba siminti. Da yatsa ɗaya na gina ɗakin jinya."

"Injiniyan ruwa jadawalin nan zai bi," in ji ta. "Ba zai sa magudana a ɗakin jinya ba."

"Da zarar an sa mana hannu zan mayar da shi yadda yake."

"Ba za ka mayar ba. Idan ka mayar, sai an sake duba zanen daga farko, ka sani, na sani."

Ta cire sunanta daga aikin a ranar. Shi kuwa ya gaya wa sauran ma'aikata cewa Malama tana da tsoro irin na ɗaliba.

Bai mayar ba. Injiniyan ruwa ya ga ɗakin jinya, bai sa magudana ba, bai sa babban kwamin wanki ba. Injiniyan iska bai sa fankar zuƙe wari ba. Mai rubuta alluna ya manna wa ƙofar "Ɗakin Jinya". Aka buɗe asibiti, aka yi ta hotuna a bakin ruwan feshi, aka kafa sunan Gwani a bango kusa da ƙofa.

Tun makon farko nas-nas suka gane babu inda za su zubar da ƙazanta a ɓangaren mata. Wurin da ya rage shi ne bayan gida na waje, can bayan gini, kuma hanyar zuwa sai an ratsa zauren baƙi. Dole suka jera bokitai masu murfi a ɗakin nan marar taga, sai sun cika a kwashe.

Ruwan da ya zube ba shi da hanyar fita. Yana kwanciya a tsagin tayil har ya yi baƙi. Warin fitsari da na ruɓaɓɓen bandeji ya kama bango. Ƙudaje suka mayar da wurin gida.

Duk da haka gadon da aka sa a ɗakin bai fita ba, domin an ƙirga shi cikin gadajen da aka amince wa asibitin. Aka rataya labule tsakaninsa da bokitan. Nas-nas suka sa wa ɗakin suna "masaukin Gwani".

Likita ya kira shi ya yi ƙorafi. Gwani ya ce, "Likita, zanena ba ya wari. Ma'aikatanka ne ƙazamai."

Gwani shi ne auta a gidansu, kuma mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ba ta da hirar da ta wuce shi. Tana fama da ciwon suga, har wani gyambo ya fito mata a ƙafa, ya kai ga sai an yi aiki. Gwani yana wata tafiya a lokacin. Yayarsa ta ce a kai ta wani asibiti, Inna ta ƙi.

"Ina da asibitin da Autana ya zana, in je na wasu?"

Sun iso suka tarar asibitin ya cika. Babbar nas ba ta ɓoye musu ba. Ta ce gado ɗaya ne ya rage, kuma ba ta so tsohuwa mai buɗaɗɗen rauni ta kwanta a kansa.

Inna ta ce, "'Yar nan, ba ki san ni ba ne. Ɗana ne ya zana ginin nan. Duk ɗakin da Auta ya zana, ɗaki ne."

Aka yi aikin, aka kwantar da ita a bayan labule. Ta daina cin abinci. Duk nas ɗin da ta shigo da fo sai ta sunkuyar da kai, domin tsohuwar ta riga ta gaya wa kowa ko ita uwar wace ce.

Gwani ya dawo ya wuce asibitin kai tsaye, cikin fararen kaya, yana ƙamshin turare. Ya tsaya ya kalli ruwan feshi, ya shafi sunansa a bango, sannan ya bi dogon barandar. Tun kafin ya kai ƙarshe ya ciro hankici ya toshe hanci.

Ya tarar da yayarsa da Malama Awo, wadda ta zo dubiya. Ya ga mahaifiyarsa a gado, ƙuda na sauka a kan bandejin ƙafarta, wani baƙin ruwa ya biyo ta ƙarƙashin labule har gindin gadon.

Ya daka tsawa. "Wane marar imani ne ya kwantar da uwata a nan? Wannan ai ɗakin ƙazanta ne!"

Babbar nas, da ke tsaye a gefe, ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin jinya ne. Haka aka rubuta a ƙofa."

Inna ta ɗago kai a hankali. "Auta, ko labulen ba ka ɗaga ba. Ƙofa ta ce na jinya ne. Kai wa ya gaya maka na ƙazanta ne?"



Ta juya ga Malama Awo. "'Yata, ke kuna aiki tare. Ki ji tsoron Allah ki gaya mini."

Malama Awo ta faɗa, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta ce ɗakin na wanke ƙazanta ne a zanen farko, an sauya masa suna ne don lissafi ya cika ba tare da an taɓa zaure ba.

Inna ta dubi ɗanta. Sannan ta ce, "Cire hankicin nan."

"Inna, bari in kira mota, yanzu in mayar da ke wani asibiti..."

"Na ce ka cire. Ni da na haife ka ban toshe nawa ba. Kafin ni wata ta kwanta a gadon nan, idan na tashi wata za ta kwanta. Su da ba su haifi mai mota ba fa?"

Ya cire. Fuskarsa ta yamutse.

Daidai lokacin wata nas ta turo ƙofa da fo cike a hannunta. Bokitan duk sun cika. Ta tsaya tana neman inda za ta ajiye.

Inna ta ce, "Ba shi. Shi ya zana ginin, shi ya san inda ya tanadar a zuba."

Nas ɗin ta dubi babbar nas. Gwani ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Ya duba ƙasa, babu magudana. Ya duba bango, babu famfo. Ya fito baranda da abin a hannunsa, yana ɗiga a bakin rigarsa. Hanya ɗaya ce, kuma shi ya zana ta. Ya ratsa zauren baƙi, ya wuce ruwan feshi, ya wuce sunansa a bango, mutane suna ja da baya suna rufe hanci, har ya kai bayan gida na waje.

Da ya dawo, Inna ta sa aka kira Likita. Ta ce ba za ta yarda a ɗaga ta ba sai Auta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya faɗa, kansa a ƙasa.

Raunin Inna ya ruɓe, aka yanke mata yatsun ƙafa biyu. Likita bai ce ɗakin ne sanadi ba, ni ma ba zan ce ba, domin ba ni da hujja. Abin da na tabbatar shi ne an fasa kwarmin ruwan, an matsar da bangon kamar yadda Malama Awo ta faɗa tun farko, an haƙa magudana, an kuma dakatar da Gwani daga sa hannu a zane.

Inna ta warke. Amma yayarsa ta ce tun daga ranar, idan aka tambayi tsohuwar wanda ya zana asibitin, sai ta ce, "Wani ne."

Waɗanda ke ɗakin lokacin da aka miƙa masa fo ɗin su ne: Inna, yayarsa, Malama Awo, babbar nas, da nas ɗin da ta shigo da shi. Likita ya zo daga baya.

Darasi: Sunan da ka sauya a kwamfuta ba ya sauya abin da ke ƙasa. Duk ha'incin da ka yi a aikinka, akwai ɗan Adam da zai kwana a cikinsa, kuma ba kai ke zaɓen ko wane ne ba. Ku tura wannan ga duk mai zane, mai gini, da duk wanda ake amincewa da sa hannunsa.