Zuciyar Tanimu da Ƙwaryar Waziri

An yi wani sarki a wani birni na gindin duwatsu, ana ce masa Jatau, adali ne in ransa na kwance, amma in baƙin ciki ya kama shi, maganar wanda ya fara isa gabansa ita ce hukunci. Yana da ƙane guda, Gambo, wanda yakan bi manzannin fada gudun da suke yi kullum da safe zuwa kan dutse. Wata rana Gambo ya faɗi a tsakiyar hawa, aka ɗauko shi ba rai.

Mai maganin fada, Malam Zubairu, ya riga kowa isa gaban sarki. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kowace zuciya da adadin bugun da aka ƙaddara mata, mai gudu kuwa almubazzari ne, yana ƙarar da na shekara cikin wata." Nan take sarki ya haramta gudu, ya ce Tanimu, shugaban manzanni, dattijo ɗan saba'in, ya bar ƙasar bayan Juma'a.

Waziri Hayatu ya nemi alfarma a jinkirta. Sarki ya ce, "Kawo mini hujjar da za a gani, Waziri, ban da tausayi."

Waziri ya sa aka kawo kwatarniyar ruwa da 'yar ƙwarya mai huji a gindi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda da ƙa'idar Malam. A ɗora ƙwaryar bisa ruwa, sarki ya riƙe wuyan hannun kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa har ta nutse."

Sarki ya riƙe na Tanimu, ya sami hamsin da biyu. Ya riƙe na Malam Zubairu, wanda rabonsa da tafiyar da ta wuce ƙofar zaurensa har an manta, ya sami casa'in. Malam ya ce tsoro ne, aka ba shi ruwa ya sha, aka sake, tamanin da biyar.

Waziri ya ce, "Gani ya kori ji. Tanimu yakan gaggauta zuciyarsa sa'a guda, ta saka masa da natsuwa sauran yini. A bisa ƙa'idar Malam, wane ne almubazzarin?"

Sarki ya ce, "To me ya kashe ƙanena?"

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, kwana biyu da tashinsa daga zazzaɓi ya fito. Na ce ya koma sai jiki ya yi ƙwari, ya ce ɗan sarki ba ya fashi. Ba ni da ikon riƙe shi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba. Kuma na ga gara in bar ƙasa da in ɗora laifi kan wanda ke kabari."

Kunya da baƙin ciki suka rufe sarki, har hawaye ya zubo masa a gaban fadawa. Ya ɗage dokar, ya mai da Tanimu matsayinsa, ya ba shi ikon mayar da duk marar lafiya gida, ko da ɗan sarki ne. Waziri ya sami alkyabba, Malam Zubairu kuwa aka umarce shi da zaga ganuwa kowace safiya.

Masu hikima sun ce, hukuncin da bai saurari wanda ake tuhuma ba, ko daga bakin adali ya fito, zalunci ne.