Ko-dai da Gwangwanin Man Sirdi

Akwai wani mai dawakin haya da ake kira Ko-dai, saboda bakinsa ba ya buɗewa sai da kalmar nan. Ka gaishe shi, ya ƙanƙance ido: "Ko dai wani abu kake so?"

Shekara goma sha biyu wani tsohon baduku ke kula masa da sirdi. Kakin zuma yake narkawa da ɗan kitse, ya dangwala da tsumma, ya shafa kaɗan-kaɗan a inuwa.

Rannan Ko-dai ya sayo gwangwanin man fata mai tsada. Tsoho ya murza a yatsa, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wannan na ƙasar sanyi ne, ya cika ruwa. A zafin nan fata za ta sha har ta saki."

"Ko dai so kake in bar maka shi, Baba?"

Tsoho ya ajiye gwangwanin, ya ci gaba da kakinsa.

Bayan mako guda Ko-dai ya leƙa gwangwani. Mai ya ragu, sirdi kuwa ko ƙyalli babu. Ga ƙofar barga da ta saba kuka "ƙiii", ta yi gum.

Ya ja matarsa gefe yana raɗa. "Kin ji? Ƙofar ma ta yi shiru. Ko dai an haɗa baki da ita?"

Ta ce, "Ko dai ka tambaye shi, Maigida?"

Ina! Bai tambaya ba. Ya je ya ce, "Baba, ajiye tsumman, na sallame ka."

Tsoho ya ninke tsummansa. "Allah ya huci zuciyarka. Amma don Allah kada ka shanya sirdin a rana."

Ai kuwa kamar ya ce shanya. Kwana uku Ko-dai yana tuttula mai yana shanyawa, har majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, sai da ya sha ya ƙoshi.

Ranar da masu haya suka taru, ya fito da farin wando zai nuna musu aiki. Ya haye goɗiya, ta yi taku biyar, majayi ya saki. Sirdi ya zame ƙarƙashin ciki, Ko-dai ya bi shi, tim! a cikin kwamin ruwan dawakai. Da ya miƙe, bayan wandon kamar gindin tukunya.

Da ɗingishi ya isa gidan tsoho.

"Baba, man da ya ragu fa?"

"A ƙarfen ƙofa na ɗiga. Kukanta ke firgita goɗiya. Iyakar amfaninsa ke nan."

Ko-dai ya sosa ƙeya. "Ko dai... ko dai..."

Tsoho ya ƙanƙance ido, ya yi muryarsa sak: "Ko dai wani abu kake so?"

Washegari tsoho ya dawo aiki. Sabon majayi ya fara ɗinkawa.

Darasi: Kafin ka zargi wanda ya san aikinsa, buɗe baki ka tambaya, zato zunubi ne, wani lokacin har da jiƙaƙƙen wando. Ku tura wa Ko-dai na gidanku, in ya ce "ko dai da ni kuke?" ku ce eh.