Kurege da Abin Shan Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wani Kurege ne yake zaune a rami a gindin tsamiya, bakin fadama, shi da mahaifiyarsa. Inna yake ce mata, duk dajin ma Inna suke ce mata. Ita kaɗai ta raine shi, da kalar gyaɗa da ɗan abin da ta tono a gefen gonaki. Ana nan, ana nan, tsufa ya zo, haƙoranta suka zube, har ko dafaffen dankali ba ta iya taunawa. Ta rame, ta kwanta.

Kurege ya je ya kira Kunkuru mai magani. Kunkuru ya zo a hankali, ya duba idonta, ya taɓa hannunta, ya ce wannan ba ciwo ba ne, yunwa ce. Tunda ba ta iya tauna, sai a riƙa matse mata 'ya'yan itace da kayan lambu tana sha. Amma fa, in ji shi, ba duk abin sha ne ɗaya ba. Kowanne da yawan kuzarin da ke cikinsa, abin nan da 'yan boko ke ce wa kalori. Ayaba da dabino da mangwaro suna da shi sosai. Karas da lemo tsaka-tsaki. Kokwamba da tumatir kuwa kusan ruwa ne da launi.

Kurege ya tambayi yadda zai gane ya haɗa daidai.

Kunkuru ya ce, "Ba mu da ma'auni a dajin nan, sai dai ka kimanta. Ka dubi abin da ka zuba, ka dubi kaurinsa, ka ɗanɗana. Mai kauri, mai zaƙi, shi za ka ba ta."

Duk wannan dogon bayani, "ɗanɗana" ce kaɗai ta zauna a kunnen Kurege.

Labari ya bazu, maƙwabta suka tashi. Biri ya kawo ayaba, Jemage ya kawo mangwaro, Raƙumi ya sauke dabino daga cikin kayansa, Zomo ya kawo karas da kokwamba daga lambunsa. Kurege ya yi godiya har da hawaye. Ya jiƙa dabino, ya kirɓa a turmi da ayaba da mangwaro, ya tace a ƙwarya. Abu ya yi kauri, ƙamshi ya cika gindin tsamiya.

Ya ce, "Bari in kimanta."

Ya kurɓi ludayi guda. Ya ce harshensa bai kama lissafin ba. Ya ƙara. Ya ce wannan kuzari ya yi wa tsohuwa yawa, kada ya kayar da ita, bari ya rage. Ya rage, ya rage, sai ga gindin ƙwarya.

Ya yi maza ya daka kokwamba, ya jefa ɗan karas don launi, ya cika da ruwa, ya kai wa Inna. Ta sha, ta dube shi, ta ce Allah ya yi masa albarka.

Ba wai Kurege ba ya son Inna ba ne. Yana sonta. Kullum in ya ji ta yi masa addu'a sai ya rantse gobe ba zai taɓa ba. Gobe ta yi, ƙamshi ya tashi, sai ka ji, "Bari in kimanta." Gata ma, "Bari in kimanta." Maƙwabta suna kawowa, Kurege yana kimantawa, Inna tana shan ruwan kokwamba tana sa albarka.

Wuyan Kurege ya yi kauri, kumatunsa suka cika, gashinsa ya kama sheƙi. Inna kuwa, in ta juya a kan tabarma, har ƙasusuwanta ake gani.

Rannan Kunkuru ya dawo dubiya, maƙwabta suka rako shi, har da Kura, wadda ba ta kawo komai ba amma ba a taro ba ita. Kurege ya ji sallama, ya taso zai fito, sai ya maƙale a bakin rami. Kai a waje, ciki a ciki. Kura ta kama shi ta fizgo, fut! Ta ɗaga shi, ta ji nauyinsa, yawunta ya fara ɗiga.

Kunkuru ya shiga ya ga Inna, ya shinshina ƙoƙonta, ya fito ya faɗi abin da ya gani. Biri ya ce ayabarsa ce a wuyan nan, Raƙumi ya ce dabinonsa ne a kumatun nan. Kura ta ce kada kowa ya wahalar da kansa, ita za ta zartar da hukunci yanzu.

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, kafin ki ci, ki kimanta. Shinshina hannuna."

Ta shinshina, sai ƙamshin kokwamba, don shi ya gama dakawa.

"Girgiza ni."

Ta girgiza shi, cikinsa ya ce ƙulu-ƙulu.

"Kin ji? Ruwa ne zalla. Kumburi ne ba ƙiba ba. Ƙarfin da za ki ɓata wajen tauna ni ya fi wanda za ki samu. Ki tambayi mai magani ko kokwamba na da kuzari."

Kura ta tambaya. Kunkuru, da yake ba ya ƙarya, ya ce ba shi da shi. Kura ta yi tsaki, ta yar da Kurege, ta ce ita ba akuya ba ce da za ta ci kayan lambu.

Amma sauran ba Kura ba ne. Suka ce ko ba a ci shi ba, yau sai ya bar dajin. Sai aka ji wata siririyar murya daga cikin rami. Inna ce.

Ta ce, "Ku bar min ɗana. Ni na ce ba na son zaƙi. Ni na ce ya shanye."

Kowa ya san ba haka ba ne, amma wa zai ƙaryata tsohuwa a kwance? Suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi Kurege.

Ya kutsa cikin rami da ƙyar, ya durƙusa a gabanta, ya tambaye ta ko dama ta sani.

Ta ce, "Haƙorana ne suka zube, ɗana, harshena yana nan. Ina jin ka a waje kana lasar ludayi, sai in tuna shekarun da ba ni da abin ba ka."

Kurege ya fita yana kuka. Ya tattara sauran dabino da ayaba da mangwaro, ya ɗaure bakinsa da igiyar rama, ya kirɓa, ya tace. Bai ɗanɗana ba. Ya kawo mata mai kauri, har ludayi na tsayawa a ciki.

Ya ɗaga kanta, ya kai mata baki. Ta jiƙa leɓe, ta kasa haɗiyewa. Ta yi murmushi, ta ce yau kam ya haɗa daidai, ya ajiye mata zuwa anjima. Kafin la'asar, Inna ta cika.

Maƙwabta suka zo aka yi mata sutura, suka tafi. Kurege ya koma ya zauna, ga ƙwarya a gabansa cike, ƙudaje sun fara zagaya ta. Ya kore su. Ya daɗe yana kore su. Can ya jawo ta, ya kafa kai, yana sha yana shessheƙa, hawaye na ɗiga a ciki, har ya shanye tas. Ya lashi gefen ma. Ya kife ƙwaryar, ya kira Inna, ba wanda ya amsa.

Ƙurunƙus kan kurege mai ƙoshi! In za ku sa a haɗa wa mara lafiya abin sha, ku nemi mai mura ya kirɓa, wanda ya ƙoshi ya ɗanɗana. Kai kuma da kake lasar ludayin kununa tun ɗazu, ajiye shi, na gan ka.