Gudun da Ya Cinye Muryar Baba

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da ake yi wa laƙabi da Wuta-wuta. Ya iya aikinsa, babu musu, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa da ji da kai. Babban abin alfaharinsa shi ne ƙara wa furosesa gudu, wato ya matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi sauri fiye da yadda kamfani ya tsara mata.

Wata safiya yayarsa ta kawo masa kwamfutarta da wani tsohon faifan ajiya. A cikinsa duk bidiyon marigayi mahaifinsu yake, babu shi a wani wuri.

"Ka mayar da su sabon tsari, ka kwashe mini a kwamfutata," in ji ta. "Tsohon faifan na bar maka. Inna ce ke marmarin jin muryarsa. Don Allah ka bi a hankali."

"Haba Yaya, ni za ki koya wa aiki?"

Da ya ga aikin zai kai shi yamma, sai ya kasa haƙuri. Furosesar yayar sunanta ɗaya da tasa, don haka ya ƙara mata wuta da gudu daidai yadda ya yi wa tasa. Abokin sana'arsa na shagon kusa ya leƙo, ya kama baki.

"Taka sabon fita ce, wannan tsohon fita. Duba ƙananan haruffan da ke bayan sunan. Ba za ta ɗauka ba."

"Suna ɗaya, kamfani ɗaya," in ji Wuta-wuta. "Sauran duk tsoro ne."

Kwamfutar ba ta mutu ba, ba ta yi hayaƙi ba. Kafin rana ta take ta gama. Gogan naku ko bidiyo ɗaya bai buɗe ya gwada ba, ya goge tsohon faifan tas, ya ɗora wa wani aikinsa a kai.

Da la'asar iyali suka cika falo, Inna a gaba. Aka kunna. Fuskar Baba ta fito, ya buɗe baki zai yi magana, sai ta wargaje ta koma dabbare-dabbaren kore, muryar ta zama ƙara kamar ana jan kwano a siminti. Aka buɗe na biyu, haka. Na uku ma ya ƙi buɗuwa. Ashe furosesar tana gudu tana tafka kuskure shiru, tana lalata duk abin da ya bi ta cikinta.

"Innalillahi! Ɗauko tsohon faifan!" Yaya ta miƙe.

Da ƙyar Wuta-wuta ya ce, "Na goge."

Inna ta dube shi, ta ce, "Shi ke nan, ba zan ƙara jin muryarsa ba?"

Mai karatu, suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Duk ƙwarewarka, ka saurari mai yi maka gyara, ka gwada aikinka kafin ka goge asali. Kuma kada ka nuna bajinta da amanar da in ta salwanta ba ka da inda za ka samo madadinta.